Ginshiƙin da Ba a Ganin Cikinsa: Buƙatar Inganta Kayan Gano Kuskure a Manhajojin Burauza

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma tarihin ilmin halittu ya gaskata wannan magana ba sau ɗaya ba. Shekaru aru-aru 'yan'adam suna fama da zazzaɓin cizon sauro, suna ɗora laifin a kan gurɓatacciyar iskar fadama, har zuwa shekarar 1880 da wani likitan soja Bafaranshe mai suna Alphonse Laveran, wanda ke aiki a ƙasar Aljeriya, ya ɗiga jinin majiyyaci a kan gilashi, ya leƙa ta madubin likita, ya ga ƙwayar cutar tana motsi. Daga ranar da aka ga abokin gaba da ido, sai yaƙin ya sake salo.

Wannan maƙala ta shafi wani fage ne na daban, wato fagen rubuta manhajojin da ke aiki a cikin burauza, amma matsalar iri ɗaya ce. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, ginshiƙin da ake gina irin waɗannan manhajoji a kansa bai kammalu ba matuƙar bai zo da kayan da za a leƙa cikinsa a ga abin da yake yi ba, kuma aikin inganta waɗannan kaya ya cancanci kuɗi da lokaci da girmamawa daidai da aikin gina ginshiƙin kansa. Za a ɗauki ginshiƙin nan mai suna React a matsayin misali, saboda yaɗuwarsa da kuma darussan da ke cikin tarihinsa.

Mene ne ginshiƙin manhaja?

Burauza ita ce manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, kamar Chrome da Firefox da Safari. Sa'ad da Tim Berners-Lee ya rubuta ta farko a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Jeniba a shekarar 1990, shafin intanet bai wuce takardar karantawa ba. A shekarar 1995 Brendan Eich na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro harshen JavaScript, wanda ya ba shafi damar amsa wa mai amfani da shi nan take, ya yi lissafi, ya sauya abin da ke kan allo ba tare da an sake buɗe shi ba. Sannu a hankali shafi ya rikiɗe ya zama cikakkiyar manhaja. Ɗalibin da ke rajistar kwasa-kwasai, da ɗan kasuwar da ke duba asusunsa na banki, da ma'aikacin lafiya da ke shigar da alƙaluman rigakafi, duk da irin wannan manhaja suke aiki, ko sun sani ko ba su sani ba.

Da manhajojin suka girma, sai rubuta su daga tushe ya zama jan aiki. Saboda haka aka samar da ginshiƙai, wato tarin umarni da aka riga aka rubuta, aka gwada, wanda magini zai ɗora nasa aikin a kai. Kamfanin Google ya fitar da AngularJS a 2010, kamfanin Facebook ya saki React ga jama'a a watan Mayun 2013, Evan You ya fitar da Vue a 2014, Rich Harris kuma ya fitar da Svelte a 2016. Hikimar React, wanda injiniya Jordan Walke ya fara ƙirƙirowa, ita ce a rarraba manhaja zuwa gaɓoɓi kamar yadda jiki yake da gaɓoɓi. Kowace gaɓa tana karɓar bayanai daga ta sama da ita, tana kuma iya riƙe nata halin, alal misali abin da aka rubuta a cikin wani gurbi. Magini yana bayyana yadda allo ya kamata ya kasance a kowane hali, shi kuwa React ya ɗauki nauyin kwatanta sabon fasali da tsohon, ya sauya iyakar abin da ya canja. Babu shakka wannan sauƙi ne babba. To amma duk aikin da aka ɗauke wa mutum, an kuma ɗauke shi daga idonsa.

Yadda ginshiƙi yake ɓoye cuta

Masu wannan sana'a suna kiran kuskuren manhaja da sunan ƙwaro. Kalmar tsohuwa ce, domin Thomas Edison ya yi amfani da ita tun a shekarun 1870, amma labarin da ya fi shahara shi ne na ranar 9 ga Satumba, 1947, lokacin da ma'aikatan kwamfutar Mark II ta Jami'ar Harvard suka zaro wani faɗa-wuta da ya maƙale a cikin makunnin lantarki, suka manna shi a littafin aiki, wanda yanzu yake ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washinton. Wancan ƙwaro yana da fukafukai da ƙafafu, ana iya kama shi da hantsaki. Ƙwaron yau ba shi da jiki, kuma a manhajar burauza yana ɓuya ne a bayan labule hawa uku.

Labule na farko shi ne ginshiƙin kansa. Idan lamba ta bayyana ba daidai ba a allo, burauza za ta iya nuna gurbin da lambar take, amma ba ta san gaɓar da ta haife ta ba, balle gaɓar da ta miƙo mata gurɓataccen bayani. Labule na biyu shi ne fassara. Abin da magini ya rubuta ba shi ne burauza take karantawa ba, domin wasu manhajoji irin su Babel da webpack sukan fassara rubutun, su haɗe ɗaruruwan fayiloli su zama ƙunshi kaɗan, su share duk wani fili, su mayar da dogayen sunaye masu ma'ana zuwa harafi ɗaya ko biyu, domin ƙunshin ya yi sauƙin saukowa. Sakamakon haka, saƙon kuskure yakan ce matsalar tana layi na ɗaya, harafi na dubu kaza, a cikin wani aiki mai suna “t”. Labule na uku, wanda ya fi sauran kauri, shi ne lokaci. Kuskure da yawa ba sa bayyana sai abubuwa sun faru a wani jeri na musamman: mai amfani ya danna maɓalli sau biyu, amsar tambaya ta biyu ta riga ta farko isowa, layin sadarwa ya yanke ana tsakiyar aikawa. Kafin magini ya zo dubawa, abin ya wuce, sai ɓarnar da ya bari.

Daga lalube zuwa gani

A shekarun farko na JavaScript, babbar dabarar magini ita ce ya dasa umarni a wurare daban-daban da zai sa ɗan akwatin saƙo ya faɗo a allo, ya nuna ƙimar wani abu, sa'an nan ya ci gaba da hasashe. Wannan lalube ne a cikin duhu. Juyin ya zo a 2006 da Joe Hewitt ya fitar da Firebug, wani ƙari da ake ɗora wa Firefox, wanda ya ba da damar nuna kowane sashe na shafi a ga tsarinsa, a tsayar da umarni a tsakiyar gudu, a kuma duba saƙonnin da ke kai da komo tsakanin burauza da uwar garke. An daina Firebug a 2017, bayan da kusan kowace babbar burauza ta shigar da irin kayansa cikin jikinta. Labulen fassara kuwa an yi maganinsa da abin da ake kira taswirar asali, wato fayil da ke danganta kowane wuri a dunƙulallen rubutu da wurinsa a rubutun asali. Tsarinta na uku ya fito a 2011, amma sai a watan Disamban 2024 hukumar Ecma ta amince da ita a matsayin ƙa'ida a hukumance mai lamba ECMA-426. Wato abin da miliyoyin magina suka dogara da shi kullum ya shafe shekara 13 yana tafiya a kan fahimtar juna kawai, wanda hakan kansa shaida ce ta yadda ake yi wa irin waɗannan kaya riƙon sakainar kashi.

Shi kuwa labulen ginshiƙi, sai wanda ya gina ginshiƙin ne zai iya ɗaga shi. A farkon 2014 masu kula da React suka fitar da nasu kayan bincike, wanda ke nuna manhaja a matsayin bishiyar gaɓoɓi, tare da bayanan da kowace ta karɓa da halin da take riƙe da shi. Ana iya kwatanta wannan da rinin da Hans Christian Gram ya gano a 1884: ƙwayoyin bakteriya suna nan a kan gilashi tun farko, amma sai da rini ya kama wasu ya bar wasu aka iya rarrabe su. A 2018 aka ƙara ma'aunin aiki, wanda ke nuna gaɓoɓin da aka sake zanawa da tsawon lokacin da kowace ta ci. A 2019 aka sake rubuta kayan gaba ɗaya, domin tsohon tsarin yana kwaso bayanan duk gaɓoɓi ko an nema ko ba a nema ba, har ya riƙa nauyaya manhajar da ake bincika. Sabon kuwa ba ya ɗauko cikakken bayanin gaɓa sai an zaɓe ta.

Darasin Redux

Misalin da ya fi kowane ƙarfafa hujjar wannan maƙala shi ne na Redux. A 2015 Dan Abramov yana shirin gabatar da jawabi a taron React Europe a birnin Faris, yana son nuna yadda magini zai iya mayar da manhaja baya zuwa halin da take ciki ɗazu, ya gyara umarni, sa'an nan ya sake tafiyar da abubuwan da suka faru ya ga sakamako. Da ya ga tsare-tsaren riƙe hali na lokacin ba su dace da wannan buri ba, sai shi da Andrew Clark suka tsara sabo. A cikin Redux, halin manhaja duka yana zaune a ma'aji guda, ba a sauya shi sai ta hanyar aika saƙon aiki, kuma saƙo ɗaya a kan hali ɗaya koyaushe sakamako ɗaya yake bayarwa. Tun da haka ne, ana iya rubuta jerin saƙonnin kamar yadda mai bincike yake rubuta matakan gwaji a littafinsa, a kuma maimaita su a kowane lokaci. Harshen Elm, wanda Evan Czaplicki ya ƙirƙiro a 2012 kuma Redux ya ari ra'ayoyi daga gare shi, ya kai ga ba da damar a adana wannan tarihi a fayil a 2016, ta yadda wanda ya ci karo da kuskure zai aika wa magini ainihin jerin abin da ya faru.

Abin lura a nan shi ne, buƙatar gani ce ta haifi tsarin. Ɗalibin kimiyya ya san cewa gwajin da ba a iya maimaitawa ba ya zama hujja. Haka nan kuskuren da ba a iya sake haifarwa ba a cika warkar da shi ba, sai dai a yi masa maganin gwada-sa'a. Ginshiƙin da aka tsara tun farko da niyyar a riƙa leƙa cikinsa yakan fito da tsari mai tsabta, wanda kuwa aka gama gininsa sa'an nan aka tuna da taga, to sai an fasa bango.

Hujjojin masu ja

Akwai masu ganin cewa yawan kayan bincike yana haifar da ragwanci, magini ya daina tunani ya koma danne-danne. A cikin wannan magana akwai ƙamshin gaskiya, domin na'ura ba ta maye gurbin fahimta. Sai dai madubin likita bai rage wa masana halittu tunani ba. Hasali ma shi ya ba su abin da za su yi tunani a kai. Robert Hooke ya ga ƙananan ɗakuna a cikin ɓawon itace a 1665, amma sai a ƙarshen shekarun 1830 Schleiden da Schwann suka fito da ra'ayin cewa tsirrai da dabbobi duka daga tantanin halitta aka gina su. Gani ne ya fara zuwa, fahimta ta biyo baya da wahalarta.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ita ce kayan bincike suna iya yin ƙarya. Wannan gaskiya ne, kuma ilmin halittu ya ɗanɗana. A shekarun 1950 da 1960 an ga wasu naɗe-naɗe a cikin bakteriya ta madubin lantarki, aka ba su suna mesosom, aka shigar da su littattafan karatu, aka jingina musu ayyuka iri-iri. Zuwa shekarun 1980, da aka koma daskarar da ƙwayoyin da tsananin sanyi maimakon jiƙa su da sinadarai, sai ta bayyana cewa sinadaran shirya samfurin ne suke haddasa naɗe-naɗen. Irin wannan haɗari yana nan a React. Sigar da magini yake aiki da ita tana ɗauke da gargaɗi da bincike da yawa, ta fi ta jama'a nauyi, kuma idan an kunna yanayin tsanantawa takan gudanar da wasu ayyuka sau biyu da gangan don tona ɓoyayyen kuskure. Sigar jama'a kuwa an cire mata dogayen saƙonni, sai lambar kuskure kawai da za a je a nemi fassararta. Saboda haka abin da magini ya auna a ɗakinsa ba lallai ne ya zama abin da ke faruwa a hannun jama'a ba. Amma maganin mesosom bai kasance jefar da madubi ba, an gyara hanyar shirya samfuri ne. Frits Zernike na ƙasar Holan ya sami kyautar Nobel a 1953 saboda madubin da ke nuna tantanin halitta yana raye, ba tare da an kashe shi ko an rina shi ba. Irin wannan ne manhajojin burauza suke buƙata, wato kayan da za su duba manhaja tana bakin aiki ba tare da sun sauya halinta ba.

Hujja ta uku sabuwa ce. Tun daga 2021, da fitowar GitHub Copilot da makamantansa, na'urori masu ƙirƙirarriyar basira suna rubuta umarni da yawa, har wasu na ganin su ne za su riƙa gyara kuskure. To, idan rubutun da mutum bai rubuta da hannunsa ba ya yawaita, buƙatar ya ga abin da rubutun yake aikatawa ƙaruwa take yi. Daɗin daɗawa, ita kanta na'urar ba ta da abin dogaro wajen gyara in ban da saƙon kuskure da tarihin abin da ya faru. Idan waɗannan sun gurɓace, gyaranta ma hasashe ne.

Inda aiki ya rage

Na farko, saƙon kuskure ya zama magana ce da ɗan'adam zai fahimta, ya faɗi abin da aka sa ran gani, da abin da aka samu, da wurin da za a duba. Elm ya nuna hanya a nan tun 2015. React ma ya matsa gaba a siga ta 19 da ta fito a Disamban 2024, inda idan shafin da uwar garke ta aiko ya saɓa wa wanda burauza ta zana, ake nuna ainihin wurin saɓanin maimakon tarin gargaɗi masu ruɗarwa. Ya kamata wannan ya zama al'ada a kowane saƙo.

Na biyu, kayan bincike su bi manhaja duk inda ta je. A yau wani sashe na gaɓoɓin React yana gudana a uwar garke, wani a burauza, kuma bin sawun bayani daga wancan gefe zuwa wannan yana cikin wuraren da suka fi wahalar da magina.

Na uku, a daina ɗaukar kwamfutar magini a matsayin ma'auni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mafi yawan masu amfani da intanet a wannan yanki da waya suke shiga, sau da yawa mai ƙaramin ƙarfi, a kan layin da ke zuwa yana ɗaukewa. Kayan Chrome suna da hanyar rage gudun sadarwa da na ƙwaƙwalwar na'ura da gangan, da hanyar haɗa wayar Android da kwamfuta a binciki shafi a kanta kai tsaye. Ya dace ginshiƙai su sa irin wannan gwaji a gaba, su kuma sauƙaƙa adana tarihin abin da ya faru a wurin da babu sadarwa, a aika daga baya, tare da ɓoye bayanan sirri na mutane. Haka nan gwaji ya haɗa da haruffa masu lanƙwasa da sunaye irin su Sa'adu da Ɗanladi, waɗanda gurabun cikewa da yawa suke yankewa ko su ƙi karɓa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsalar 'yan kwamfuta ce kaɗai. Tsarin DHIS2 na Jami'ar Oslo, wanda Nijeriya da Nijar da Gana da wasu ƙasashe da dama suke tattara alƙaluman lafiya da shi, sababbin manhajojinsa na burauza a kan React aka gina su. Haka ma Auspice, manhajar da dandalin Nextstrain yake nuna bishiyar dangantakar ƙwayoyin cuta da ita, wadda masana suka dogara da ita wajen bin sauye-sauyen ƙwayar korona daga 2020. Manhajar da ta tsaya cik an san ta lalace. Wadda ta fi haɗari ita ce wadda ke nuna tsohuwar lamba a ƙarƙashin sabon kwanan wata, ko ta tace bayanan wata ƙaramar hukuma ta nuna su da sunan wata, alhali komai yana kama da daidai. A kan irin waɗannan lambobi ake yanke shawarar inda za a tura magani da ma'aikata.

Kammalawa

Nauyin gyara ya rataya a wuyan ɓangarori uku. Masu gina ginshiƙai su ɗauki ƙa'idar cewa ba za a saki sabon fasali ba sai kayan duba shi sun shirya tare da shi. Kamfanoni da hukumomin da ke cin moriyar waɗannan kaya kyauta su ware kuɗi don masu kula da su, domin da yawa daga cikin ƙananan kayan da ake dogara da su mutane ƙalilan ne suke riƙe da su a lokacin hutunsu. Jami'o'i kuma su koyar da farautar kuskure a matsayin darasi mai zaman kansa. Babu sashen ilmin halittu da zai yaye ɗalibin da bai iya saita madubi ya rina samfuri ba, don haka bai kamata sashen kimiyyar kwamfuta ya yaye wanda bai taɓa tsayar da umarni a tsakiyar gudu ya duba cikinsa ba. Hanya mai sauƙi ita ce a riƙa ba ɗalibai manhaja mai ɓoyayyen kuskure a jarrabawar aiki, a auna su a kan yadda suka gano shi da hujjar da suka kawo. Kayan suna nan a cikin kowace burauza kyauta, kuma a mafi yawan kwamfutoci danna maɓallin F12 kaɗai ya isa ya buɗe su.